Gaiwa a Gindin Rumbu

Geron da surukata ta zo da shi gidan aure gajere ne, zangarniyarsa da gashi, tsuntsu ba ya iya zama a kai. Yana nuna da wuri. Ko damina ta yi rowa ta ɗauke kafin lokacinta, shi ya riga ya yi ido. Duk ƙauyenmu, a ƙasar Sassumbrum, a hannunta ake karɓar iri. Inna muke ce mata, har waɗanda ba ita ta haifa ba.

Da farin nan na farkon shekarun saba'in ya zo, aka yi shuka ta mutu a rami, aka sake ta sake mutuwa, sai Inna ta juye abin da ya rage a tulu, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta. Muka ci dusa, muka ci tafasa ba gishiri, muka jiƙa 'ya'yan itacen anza kwana da kwanaki don ɗacinsu ya fita. 'Yata ta biyu, wadda na yaye a shekarar, ƙafafunta suka kumbura. Na je na durƙusa gaban Inna, na ce ta ba ni ko rabin tiya in dama wa yarinyar kunu.

Ta ce, "In na buɗe miki yau, gobe wata ta zo, jibi wata. Wa zan hana? Iri ba abinci ba ne, 'yar nan."

"Inna, jikarki ce fa."

"Na sani. Ni na yanke mata cibi."

Ba ta buɗe ba. Yarinyar ba ta ƙara sati biyu ba. Ban ce kunun zai tashe ta ba, Allah ne masani. Amma tun daga ranar nake kallon geron nan a matsayin abin da ni na saya, da farashin da ba wanda ya biya irinsa a garin. In har 'yata ta tafi don ya tsira, to dole ya tsira.

Da ruwa ya dawo, Inna ta tone tulunta ta raba wa kowane gida ludayi-ludayi. Ya fito, ya yi kyau, muka ga dami da idonmu bayan mun fid da rai. Dattawa suka zauna suka ce daga yanzu ba wanda zai ajiye iri a ɗakinsa, kada yunwa ta sa shi ya ci. Kowa ya zaɓo zangarniyarsa mafi kyau, a tara a rumbun laka guda ɗaya, a ƙarƙashin idon mai gari. Mai garin kuwa yayan mijina ne, babban ɗan Inna.

A kan tudu garinmu yake tun kakanni. Amma rijiyar tudun ta ƙafe a farin, daga baya ma ta rufta. Mu mata muke gangarawa kwari da tulu safe da yamma, mu hauro da shi a ka cikin rairayi mai cin ƙafa. A kwarin kuwa, gaba biyu za ka haƙa ka tarar da ruwa. Da can ruwa na kwanciya a wurin da damina, amma ya yi ta ja da baya shekara da shekaru, har ya zama damina huɗu rabon da a ga ko kududdufi. Yara sun taso suna ƙwallon goruba a wurin. Maza suka ce me ake jira, a koma kusa da ruwa. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ni ma wuyana ya gaji da tulu, ban ce uffan ba. Da rani muka kwashe zana da azara muka gangara.

Ranar da aka fara kwaɓa lakar rumbun iri, ina cikin masu kawo ruwa. Mijina ne ke haƙa. Ya kai dagi ƙasa sai ya ɓamɓaro wani curi mai kamar gora. Ya fasa, sai ga gaiwa, kifin nan mai kwana a laka, a naɗe cikin wata fata siririya, da ranta, har da ɗan gurnaninta. Maza suka ɗauki shewa, wai nama ya zo har gida.

Ni na sauke tuluna ban san na sauke ba. Ni 'yar masunta ce, daga wajen Guci aka auro ni, ubana a tafkuna ya ƙare rayuwarsa. Na san gaiwa. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta rufe kanta, ta yi ta cin jikinta har ya dawo. Kuma a can ƙasan gindin tafki take kwanciya, inda ruwa ke barin ƙarshe, inda yake fara sauka.

Na ce, "Yaya, a nan za ku kafa rumbun iri?"

"A nan. Ko kin ga aljani ne?"

"Gaiwa na gani. Nan gidan ruwa ne. Mai gidan tafiya ya yi, bai mutu ba. Ranar da ya dawo ba zai yi muku sallama ba."

Wani tsoho ya ce a'uzubillahi, ya tofar da yawu. Yaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke, ruwan ne kike yi wa baki? Jiya-jiya muka gama kuka a kansa!"

Wanda bai zauna da mu ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. A wurinmu ba a faɗin laifin ruwa. Mun fita roƙonsa ba takalmi, maza da riguna a juye, an raba tumaki da 'ya'yansu don kukansu ya kai sama. Bayan wannan, wanda duk ya ce ruwa zai yi ɓarna, shi ne mai korar hadari. Ɗakinka na yoyo, ka ce albarka ta shigo. Ya rushe maka katanga, ka ce ruwa ya yi gyara. Ba ya yawa, ba ya laifi, ba a tsoronsa da baki. Na san wannan sarai, da shi na tashi ni ma. Amma na ga gaiwa.

Suka gasa ta suka ci. Mijina ya miƙo mini tsoka, na ce ya kai kasuwa. Aka ɗora rumbun a kan duwatsu, taku goma daga ramin, babba, mai ƙofa a sama da hular ciyawa. Sauran rumbunan gari suka kewaye shi kamar 'yan kaji.

Ana cikin zafin bazara wani mushe, kamar yadda muke kiran ma'aikacin gwamnati ɗan boko, ya zo daga Magariya a mota, zai duba inda za a gina rijiyar siminti. Ya kafa wani abu mai ƙafa uku yana leƙawa, direbansa na riƙe masa doguwar sanda mai zane. Ya zagaya kwarin, ya hau tudu, ya sauko. Mu mata muna bayan zana muna kallo ta kafa.

Ya ce da mai gari, "Baba, ruwa yana kwanciya a nan?"

"Ruwa? Mushe, in ka gan shi ka kira mu mu sha."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya je gindin wata tsohuwar giginya ya ɗora yatsa a kan wani baƙin zane da ya zagaye ta, daidai ƙirjinsa.

"Wannan fa?"

Wani ya ce shanu ne ke goga jiki. Shanu! Waɗanne shanu, bayan duk sun mutu, kuma wace saniya ce ke goga jiki a zagaye kamar an ja da zare? Ban san lokacin da muryata ta tsallake zana ba.

"Ƙarya suke, mushe! Ruwa ne! A gindin rumbun can suka tono gaiwa da ranta, tambaye su wa ya ci kan!"

Ya waiwayo. "Wace ce?"

Yaya ya ce, "Matar ƙanena ce. 'Yar masunta. Tun da ta rasa 'yarta…" Ya taɓa gefen kansa da yatsa.

Na sha zagi a rayuwata, na rama wanda zan iya. Wannan ne kaɗai ya zauna mini a ƙirji har yau.

Mushen ya ciro bik, wato biro, ya yi rubutu a karnensa, ɗan littafinsa na aljihu. Sannan ya yi magana a hankali, kamar mai tsoron taka ƙwai. Ya ce awonsa ya nuna masa nan ne mafi zurfi, ruwan gefe uku nan zai gangaro. Ya ce a da itatuwa da ciyawa ke tare shi a tudu, yanzu an sassare su an ba dabbobi a lokacin fari, tudun ya zama tsirara, ba abin da zai riƙe ko ɗigo. Rijiya dai za a iya yi mata baki mai tsayi. Gidaje kuwa ba shi da ikon tayar da kowa, amma da shi ne, da ya mai da rumbuna sama. Ya faɗi abin da na faɗa ke nan, sai dai shi da takarda. Na yi furfura kafin in zauna ajin yaƙi da jahilci in san yadda ake riƙe bik, kuma ban ga ya ƙara wa gaskiya komai ba, ya dai sa a saurare ta a tsaye.

Yaya ya ce, "To, mushe. In Allah ya yarda."

Kowa ya san irin wannan to ɗin. Motar na tashi Yaya ya ce wa zai bar rumbu a tudu ba kowa, a wannan zamani da yunwa ta koya wa mutane sata? Yana da hujja, ban hana shi ba. Amma ɓarawo dami ɗaya yake ɗauka.

Da yamma mijina ya shigo yana huci. "Kin kunyata ni gaban baƙo."

"Kunya wa ta kashe, malam? Ni dai na san wadda yunwa ta kashe mini."

Ya ɗaga hannu, ya tsaya, ya sauke. Ya zauna a kan turmi. Can ya ce, "Ina yaro a gindin giginyar nan na koyi iyo."

"To me ya rufe maka baki?"

"Yaya ne. Kuma in na faɗa, bana ruwa ya ƙi zuwa, wa za a ce ya kore shi? Ki bar ni, don Allah."

Duk sun sani ke nan. Ba jahilci ba ne, kada wani ya ce mana jahilai. Kowane mai gemu a garin ya taɓa wanka a inda ya kafa gadonsa.

Na tafi wurin Inna. Ta tsufa sosai a shekarun nan, idonta ya fara hazo. Na ce ita kaɗai ce Yaya ba zai iya musa wa ba, ta ce a cika mata tulu ɗaya mu kai tudu mu binne.

Ta ce, "Na san gaiwa tun ba a haifi ubanki ba."

"To ki yi magana mana!"

"In ce me? In ce ina tsoron ruwa? Ni da na binne jika don rashinsa? Bakina ba zai iya ba. Na riƙe irin nan lokacin da riƙonsa ke da wuya. Yanzu na maza ne."

Saura ni. Ranar kasuwar Sassumbrum maza suka watse tun da safe. Da rana ta take na ɗauki ƙwarya na nufi rumbun. Tsani na jingine a jikinsa. Abin da nake so kaɗan ne, zangarniya ashirin ko talatin, in ɓoye a kangonmu na tudu. Amma a wurinmu mace ba ta leƙa rumbun maza. An ce in ta leƙa albarka ta gudu, kuma sunanta ɓarauniya har jikokinta, a ranar za a ɗaura mata kayanta. Na taka matakin farko. Na taka na biyu. Sai na ji wata maƙwabciya da ke daka ta tsai da taɓarya. Ban waiwaya ba, shirun kawai na ji a bayana. Na tuna ɗana na fari da ke gida, na tuna wa zai riƙe shi in an kore ni. Na sauko. Na ce da ita kazata nake nema, ko ta hau nan.

Ta ce, "Kaza da ƙwarya ake nemanta?"

Na wuce. Ni mai bakin da ya tsallake zana ya ƙaryata mai gari, mataki biyu ƙafata ta iya. Ina ɗora wa maza laifinsu, kuma nasu ne, amma wannan nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Ruwan shuka ya zo bayan azahar. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe zana biyu, sannan sama ta buɗe. Ban taɓa ganin irinsa ba. Yara suka fita tsirara suna rawa, maza na zaure suna hamdala suna gyara ƙotar sungumi, gobe kowa gona. Ni ma, wallahi, sai da na tara hannu na sha. Ƙamshin ƙasar nan ba ya barin mutum ya yi fushi.

Kafin la'asar muka ji ƙara daga arewa kamar kamiyo, babbar motar kaya, na tahowa. Babu hanyar mota ta can. Sai ga ruwa, ja wur, ya ɗauko kara da kashin shanu da wata akuya ƙafafu sama. Ya shigo tsakar gida a idon sawu, kafin in ɗauki ɗana a baya ya kai gwiwa. Mijina ya goya Inna. Muka bi tudu muna zamewa, mata na kiran 'ya'yansu, jakuna na kuka a turke. Allah ya sa ba a rasa rai ba.

Ruwan sama ya ɗauke, rana ma ta leƙo, kamar an haska mana don mu gani da kyau. Muna tsaye a kangon tsohon gari muna kallon ƙasa. Ɗakuna suka fara tafiya, sai ƙananan rumbuna, ɗaya bayan ɗaya. Babban ya tsaya. Ruwa ya rufe duwatsun, ya kama lasar gindinsa. Ya daɗe a tsaye har na fara cewa a raina ko zai yi. Sai ya karkata, ya durƙusa kamar raƙumi, cikinsa ya tsage. Hular ciyawar ta tashi tana juyi a kan ruwa ita kaɗai.

Inna ba ta gani sosai. Ta ce, "Me ya faɗi?"

Yaya na kusa da ni, rigarsa ta manne a jiki. Ya ce a hankali, "Ruwa ya yi gyara."

Na ce, "Kira shi da sunansa, Yaya. Ɓarna ya yi."

Wannan karon ba wanda ya ce a'uzubillahi. Ba kuma wanda ya ce na yi gaskiya. Da ma ba ita nake nema ba, me zan yi da ita?

Sai a kwana na uku ruwan ya lafa har maza suka iya shiga. Suka yi ta lalube cikin taɓo suna zaro zangarniya, wata ta yi baƙi, wata ta yi tsami, wata ta tsiro fari fat tun a jikinta. Muka shanya a tabarmi, muka tsince abin da ke da kamar rai, muka shuka. Ya fito nan ɗaya can ɗaya kamar haƙoran tsohuwa. Ina zuwa gonar kullum ina ƙirga su da ido. Sai ruwan ya ɗauke ƙafa kusan sati uku. Iri mai lafiya zai jure, wannan ya riga ya sha wuya. Na ga na ƙarshe ya naɗe ganye ya kwanta.

Daga baya aka kawo iri a buhu daga buro, ofishin gwamnati, an ce daga kudu ya fito. Ba laifin masu kawowa ba ne, abin da suka samu ke nan. Ya yi tsayi ya fi mutum, kore shar, baƙo in ya wuce sai ya ce masha Allah. Gero ne na ƙasar da damina ke daɗewa. Yana fara fid da kai ruwanmu ya yi sallama. Kara muka girbe.

Mijina ya bi ƙauyukan da suka taɓa karɓar iri a hannun Inna. Duk sun cinye nasu a lokacin fari, da ma mu suke jira. Ya taka har Guci wurin dangina, ya zagaya kasuwar Magariya, ya tsallaka iyaka, yana kwatanta wa 'yan hatsi gajeren gero mai gashi. Wani ya ce ya taɓa gani wurin kakarsa. Ya dawo da ƙafa a fashe da hannu wofi. Inna ta daina tambaya, sannan ta daina cin abinci sosai, ta rasu kafin sanyi ya fita. Ni na yi mata wanka. Ba ta fi dami ɗaya nauyi ba.

Gari ya fara zubewa. Tudu ba ruwan sha, kwari ba wurin kwana, gona ba irin da ya san ta. Wannan gida ya nufi Kano, wancan Damagaram. Mu ma muka ɗaure kaya, za mu Magariya wurin wani ɗan'uwan mijina mai sayar da itace.

Ana gobe za mu tashi, da hantsi, Yaya ya yi sallama a bakin bukkarmu. Bai taɓa zuwa wurina da kansa ba. Ya rame, gemunsa ya yi fari a shekara ɗaya. Ya tsuguna nesa kaɗan, yana zane a ƙasa da tsinke.

Ya ce, "Ke da kika san halin ruwa. In mutum zai sake kafa rumbu, ina ya kamata?"

Na daɗe ina tanadin maganganun da zan faɗa masa in wannan rana ta zo, masu zafi, na jera su tsaf. Na dube shi na neme su na rasa. Na nuna masa wata 'yar gangara tsakanin tudu da kwari, inda ƙasa ke da tsakuwa, na ce can ruwa ba ya zama.

Ya gyaɗa kai. "Can ɗin. To."

"Me za ka zuba a ciki, Yaya?"

Ya ci gaba da zanensa har tsinken ya karye, sannan ya tashi ya karkaɗe riga, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da safe muka ɗora tabarmi da tukwane a kan jaki. Gonarmu mijina ya so ya bar wa wani aro, ya zagaya bukkokin da suka rage, bai sami mai karɓa ba.